Kafin Ka Doshi Tenere, Ka Lissafa Nauyin Motarka

Wannan makon batun mota na kawo mana, kuma ina roƙon kada wanda ya ce ba layinmu ba ne, domin littattafanmu cike suke da jarumai masu tsallaka hamada a cikin jif kamar a kan kwalta suke.

Kwanaki na tarar da wata Hilux a garejin da nake kai motata. An ɗaga ta sama, an sa mata ƙarfen kariya a gaba, da injin jan igiya, da jerin fitilu a saman kai, da manyan rim masu sheƙi. Mai ita, wani matashi, ya ce shiri yake na tafiya daga Agadas zuwa Bilma. Bakaniken, dattijo ne da ya yi zaman yaron mota a Nijar, ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Alhaji, ruwa lita nawa za ka ɗauka?" Matashin ya ce bai lissafa ba tukuna. Ra'ayina duka a cikin wannan tambaya yake: shirya mota don hamada lissafin nauyi ne, kuma yawancin abin da ake kashe wa kuɗi ragewa yake daga ruwa da mai.

Mu yi lissafin tare. Tsakanin Agadas da Bilma wajen kilomita 600 ne, babu kwalta, kuma babban rabon hanyar rairayin Tenere ne. Hilux tana ɗaukar lodin da bai wuce tan ɗaya ba sosai, har da mutanen da ke ciki. A ce ku huɗu ne, kilo 300 ya tafi. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Idan kun ware lita 8 ga kowane mutum a yini, kuka tanadi na kwana shida maimakon ukun da kuke fata, kusan kilo 200 ke nan. Tankin motar lita 80 yake ci, a rairayi mai laushi kuma inji yana shan mai fiye da kima, don haka durom ɗaya na lita 200 ba almubazzaranci ba ne: kusan kilo 170. Safaya biyu, jak, shebur, kayan gyara da abinci, wani kilo 150. Kun kai 820. Ɗan abin da ya rage shi ne ƙarfen gaba da injin jan igiya da akwatin saman kai za su lamushe, har su zarce. Mota mai lodi fiye da ƙarfinta tana nutsewa da wuri, sifirin yana karyewa, kuloci yana ƙonewa, lagireto yana tafasa.

Injin jan igiyar ma abin dariya ne a can. Yana buƙatar abin da za a ɗaure shi. Bishiyar nan ta Tenere da ta yi suna, wadda take tsaye ita kaɗai da tazarar ɗaruruwan kilomita, mota ce ta buge ta a 1973, yanzu busasshen itacenta yana gidan tarihi na Yamai. Idan ba ku da mota ta biyu, sai dai ku haƙa rami ku binne safaya ku ɗaura igiyar a jikinta, a cikin rana. Shebur biyu da faranti biyu na ƙarfe da ake turawa ƙarƙashin taya sun fi shi amfani, sun fi shi araha.

Inda na fi so mu tsaya shi ne taya, don nan ne jahilcinmu ya fi yawa. A birni falkinaiza yana cika maka taya ta yi tauri, awo 32 ko 35. A rairayi ana sace iskar har ta sauko wajen 18 ko 15, domin tayar ta baje, ta yi shimfiɗa mai tsawo, motar ta riƙa tafiya a saman yashi kamar yadda tafin raƙumi yake yi. Wannan dabara kyauta ce, kuma ta fi duk wani ƙarfe da za ka saya. Amma tana da sharaɗi. Dole tayar ta kasance mai faɗin gefe, wanda zai iya lanƙwasawa; babban rim mai siririyar taya ba shi da inda zai baje, dutse na farko zai lotsa shi. Dole kuma ka riƙe famfo da ma'aunin iska, domin da zarar an fito kan tsakuwa sai an mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta yage. Taya mai manyan haƙora da ake yi don taɓo kuwa haƙa take yi a yashi, tana binne kanta.

Ɗaga mota yana da amfaninsa inda akwai duwatsu, ban musa ba. Sai dai duk abin da ka ƙara a tsayi, ka ƙara saurin kifewa a gefen tudun rairayi, musamman idan jarkoki suna saman kai. Nauyi ƙasa ake sa shi, tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Za a ce ni ɗan da ne, ina ƙin sabon abu. A'a. Wayar tauraron ɗan Adam da na'urar nuna hanya sun ceci rayuka, kuma bututun da ke ɗaga mashaƙar inji sama yana rage ƙurar da ke toshe filta. Ma'aunina ɗaya ne: idan abin ya lalace a inda babu kowa, za ka iya gyara shi da hannunka? Dalilin da ya sa masu hamada suke girmama Land Cruiser mai injin 1HZ ke nan, dizal ne mai lita 4.2 wanda ba kwamfuta ke ba shi mai ba. Fambel, tiyon lagireto, filtar mai da ta iska, fis, waya da roba: ka saya, ka kuma koyi ɗaura su tun kana gida.

Kada a ɗauka hira ce ta masu kuɗi. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne. Motoci biyu suka tashi da su. Ɗaya ta lalace, ɗayar ta sauke mutane ta juya neman kayan gyara, ita ma ta tsaya. Talakawa ne masu neman abinci, ba su suka zaɓi motocin ba, kuma ba wanda ya tambaye su ruwan kwana nawa aka tanada. Ko motar da ta fi kowace shiri ba ta shiga wannan ƙasa ita kaɗai, ba jagora, ba wanda ya san ranar da ya kamata ta iso. Ga kuma 'yan fashi, shi ya sa ake bin ayari.

Matashin nan dai bai ji daɗin maganar dattijon ba, don ya riga ya biya kuɗin rim. Da na koma bayan mako guda na ga an sauke akwatin saman kai, an jera jarkokin ruwa a bayan kujera. Fitilun suna nan, ya ce su kam ba zai cire ba.