Dodon Koɗin Birnin Kudu da Gwaram Ya Cancanci Shiga Aji

Kusan duk ɗalibin da ya karanci ilmin halittu a makarantar sakandare ya taɓa zana hoton dodon koɗi a littafinsa. Sai dai wanda yake zanawa galibi ƙaton nan ne na ƙasashen kurmi, wanda ake sayarwa a kasuwannin Ibadan da Benin, domin shi ne littattafai suka fi kawowa. Shi kuwa dodon koɗin da ke fitowa bayan ruwan farko a gindin duwatsun Birnin Kudu, ko a gefen gonakin Gwaram, ba ya samun shiga aji. Yara sun san katantanwarsa, suna murza ta a ƙasa tana juyi, amma da wuya a sami wanda aka taɓa gaya wa sunansa na kimiyya, ko danginsa, ko abin da yake yi tsawon watannin rani da ba a ganinsa. Wannan giɓi ne a koyarwa, kuma cike shi ba ya bukatar kuɗi masu yawa.

Dodon koɗin tudu mai dogon ɓawo da ke zaune a ƙasashen ciyawa, tun daga Senegal har Sudan, ɗan dangin da masana ke kira Limicolaria ne. Shi da ƙaton na kurmi 'yan gida ɗaya ne, wato iyalin Achatinidae, sunan da wani masani Baturen Ingila, William Swainson, ya raɗa a shekarar 1840. Asalin kalmar daga sunan dutsen aƙiƙ ne a harshen Girkanci, saboda zane-zanen da ke jikin ɓawon. Tsarin da ake bi shi ne wanda Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya shimfiɗa wa dabbobi a 1758: kowace halitta tana da suna biyu, na farko na dangi, na biyu na jinsi, daga baya kuma masana suka riƙa tara dangogi masu kama da juna a ƙarƙashin iyali guda. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan lissafi, tun da shi ma yakan tambayi mutum sunansa, da gidansu, da zuriyarsu.

Manyan iyalin guda uku ne suka yi suna a duniya. Akwai Achatina achatina na dazuzzukan Ghana da maƙwabtanta, wanda ɓawonsa kan kai tsawon tafin hannun babban mutum. Akwai Archachatina marginata na kudancin Nijeriya da Kamaru, mai dakusasshen tsini, wanda ke yin ƙwai kaɗan amma manya, kamar na ƙaramin tsuntsu. Na ukun shi ne Lissachatina fulica, ɗan asalin gabashin Afirka, mai zuba ƙananan ƙwai ɗari biyu ko fiye a lokaci guda. Limicolaria bai kai ko ɗaya daga cikinsu girma ba. Ɓawonsa siriri ne, yawanci bai wuce tsawon yatsa ba, da ratsi-ratsi masu ruwan ƙasa kamar harshen wuta. Akwai kuma wata alama da ɗalibi zai iya dubawa da idonsa: ginshiƙin da ɓawon ya naɗe a kansa, a wajen Achatina yakan yanke kwatsam a ƙasan bakin, kamar an datse shi da wuƙa, amma a wajen Limicolaria yana zarcewa ya haɗu da leɓen bakin ba tare da yankewa ba.

Masu ganin rarraba halittu hadda ce kawai ta sunayen Latin sun yi wa fannin gurguwar fahimta. Iyakokin wannan iyali sun sha canzawa. Joseph Bequaert ya sake tsara manyan jinsunan a 1950 bisa siffar ɓawo, Albert Mead kuma ya nuna cewa gaɓoɓin haihuwa sun fi ɓawo faɗin gaskiyar dangantaka. Da aka zo zamanin binciken ƙwayoyin gado, sai aka tarar cewa wasu 'yan mitsi-mitsin dodon koɗi masu kama da allura, waɗanda aka daɗe ana ware musu iyalinsu daban mai suna Subulinidae, ashe jininsu ɗaya da ƙattin. A babban jadawalin da Philippe Bouchet da abokan aikinsa suka fitar a 2017, an shigar da su cikin Achatinidae. Ke nan wanda bai kai santimita biyu ba, da wanda ya cika tafin hannu, yanzu gida ɗaya ake lissafa su. Ɗalibin da aka nuna wa wannan zai gane cewa sunan kimiyya hukunci ne da aka yanke bisa hujja, kuma sabuwar hujja tana iya sauya shi.

Rayuwar dabbar ita kanta darasi ce da ta dace da ƙasar da ruwa ke ɗaukewa fiye da rabin shekara. Dodon koɗin tudu da huhu yake numfashi, ta wata 'yar kafa da ke buɗewa tana rufewa a gefen bakin ɓawo. Yana da ƙahonni huɗu, idanunsa na kan dogayen biyu na sama, gajerun na ƙasa kuwa da su yake shinshina hanya. A bakinsa akwai wani harshe mai kama da magagari, ɗauke da dubban ƙananan haƙora, da shi yake kankare ganye da ruɓaɓɓen ciyayi. Kowane ɗaya mata-maza ne, yana da gaɓoɓin namiji da na mace, amma duk da haka yakan nemi abokin barbara, kuma bayan sun rabu kowannensu na iya yin ƙwai.

Babbar matsalarsa ita ce ruwa. Jikinsa ɗanye ne, tafiyarsa ma a kan yauƙi yake yin ta, don haka kowane taku asarar ruwa ce. Shi ya sa ba ya fita sai da dare, ko da sassafe, ko bayan an ɗauke ruwan sama. Idan damina ta wuce, iskar hunturu ta fara busar da ƙasa, sai ya nutsa cikin ƙasa ko ya shige tsagar dutse, ya janye jikinsa can ciki, ya toshe bakin ɓawon da wani marfi na busasshen yauƙi gauraye da sinadarin kalsiyam. Bugun zuciyarsa da numfashinsa su ragu ƙwarai, ya zauna a haka wata da watanni har damshi ya dawo. Malamin da ke neman misalin yadda halitta ke daidaita kanta da muhallinta ba ya bukatar zuwa wajen raƙumin sahara. Misalin na nan a ƙarƙashin tarin duwatsun bayan makaranta. Akwai ma tambayar da ta dace da wannan yanki musamman. Ɓawo da kalsiyam ake gina shi, duwatsun Birnin Kudu kuwa na giranit ne, wanda ba shi da yalwar wannan sinadari. To a ina dodon koɗin ya fi taruwa, a gindin dutse, ko a juji inda toka da ƙasusuwa suke, ko a jikin tsohon bango mai siminti? Ɗalibai goma da littafin rubutu za su iya amsa wannan a damina ɗaya.

Wani zai ce, mutanen yankin galibi ba sa cin wannan abu, ba sa sayar da shi, jarrabawa kuma na tafe, mene ne amfanin ɓata lokaci a kansa? Amsar farko tana wajen lafiya. Cutar tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini, sananniya ce a garuruwan arewa masu kududdufai da madatsun ruwa, kuma kowa ya ji an ce katantanwa ce ke yaɗa ta. Amma wace katantanwa? Ba ta tudu ba ce. Masu ɗauke da tsutsar 'yan ƙanana ne na cikin ruwa: Bulinus, mai kawo tsargiyar mafitsara, da Biomphalaria, mai kawo ta hanji. Bambance su da na tudu abu ne mai sauƙi. Idan aka riƙe ɓawo tsininsa na sama, bakinsa na fuskantar mai dubawa, bakin Limicolaria a dama yake, na Bulinus kuwa a hagu. Biomphalaria shi a kwance yake naɗe kamar gammo. Ƙahonninsu biyu ne kacal, idanun kuma a gindinsu. Yaron da ya san wannan ya san cewa katantanwar wasansa ba ita ce abin tsoro ba, kududdufin da yake wanka a ciki ne.

Wannan ba ya nufin na tudun ya kuɓuta daga zargi. Akwai wata ƙaramar tsutsar hanta mai suna Dicrocoelium hospes, wadda ake samu a shanun Afirka ta Yamma, har da na arewacin Nijeriya, kuma binciken da aka yi a Togo da Kwaddebuwa ya nuna cewa Limicolaria ne masaukinta na farko. Hanyar da take bi abin al'ajabi ce. Ƙwanta na fita cikin kashin saniya, dodon koɗi ya ci, 'ya'yan tsutsar su yawaita a jikinsa, ya fitar da su cikin dunƙulen yauƙi. Wani irin tururuwa ya sha yauƙin, tsutsar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa har ya hau kan ciyawa ya maƙale, saniya ta zo kiwo ta haɗiye shi. A ƙasar makiyaya irin Gwaram da Birnin Kudu, inda har zanen da mutanen dā suka bari a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa na shanu ne, bai kamata a ce wannan ilmi ba shi da masu bukata ba.

Amsa ta biyu tana cikin tarihin Lissachatina fulica, wanda ya nuna tsadar rashin sanin wane ne wane. An kai shi Kalkata ta ƙasar Indiya a 1847, ya bazu a Asiya, ya isa tsibiran Hawai a 1936. A 1966 wani yaro ya ɗauko guda uku daga Hawai zuwa birnin Miyami na Amurka, aka sake su a lambu. Sai da aka shafe kusan shekara goma, aka tsince fiye da 18,000, kafin a ga bayansu. Ya sake ɓulla a can a 2011, wannan karon kuma aka tsince fiye da 160,000 kafin a ayyana kawar da shi a 2021. Yana cin ɗaruruwan nau'o'in tsirrai, yana kuma ɗaukar wata tsutsar huhun ɓera da ke iya jawo wa mutum kumburin rufin ƙwaƙwalwa. Maganin da aka gwada a tsibiran tekun Pasifik ya fi cutar muni: an shigo da wani dodon koɗi mai cin 'yan uwansa, Euglandina rosea, don ya cinye baƙon, sai ya bar shi ya afka wa ƙananan jinsunan gida, ya ƙarar da da yawa daga cikin dangin Partula.

Wannan labari ba na nesa ba ne kamar yadda ake zato. Jinsin ya riga ya shigo wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, ciki har da Ghana da Kwaddebuwa, ana kuma yawan tallata kiwon dodon koɗi a matsayin sana'ar matasa. Gaskiya ne zafin bazara da bushewar hunturu za su wahalar da baƙo daga kurmi, amma fadamu da lambunan noman rani ba sa bushewa, kuma a nan ne tumatir da latas da kabeji suke. Duk mai niyyar kawo iri daga nesa ya wajaba ya san jinsin da aka sayar masa, malamin gona na ƙaramar hukuma shi ma ya iya duba ɓawo ya faɗi sunansa. Wannan iyawa daga ajin sakandare take farawa.

Har ila yau, ɓawon yana daɗewa a ƙasa bayan mai shi ya mutu, don haka yakan zama shaida ga masu binciken tarihi. A tonon da A. J. Arkell ya yi a shekarun 1940 a bakin kogin Nilu, ya tarar tsohon mazaunin Khartum cike da ɓawon katantanwar fadama, amma a Shaheinab, wanda ya biyo baya a zamani, na Limicolaria ne ya yi yawa. Daga nan ya fahimci cewa ƙasar ta rage damshi tsakanin zamunnan biyu.

Abin da ake bukata daga makarantu, tun daga tsohuwar Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu har zuwa ƙananan sakandaren ƙauyukan Gwaram, bai taka kara ya karya ba. A tsakanin Yuni da Satumba, ɗalibai su tara ɓawon da babu kowa a ciki, su auna tsawo da faɗi da rula, su ƙirga naɗin, su rubuta rana da wuri da irin ƙasar da aka tsince shi a 'yar takarda, a ajiye kowanne a kwalin ashana ko gwangwani. Ɓawon da ba shi da wannan takarda abin wasa ne kawai, mai takarda kuwa ya zama bayanin kimiyya. Mai rai idan an taɓa shi a wanke hannu da sabulu, a mayar da shi inda aka ɗauko. Na cikin ruwa kuma malami ne kaɗai zai ɗebo, da dogon ludayi da safar hannu, kada a tura yaro cikin kududdufi da sunan bincike. Abin da ya gagari malami ganewa, a ɗauki hotonsa ta gaba da ta baya a aika wa sashen ilmin halittu na Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda ba ta da nisa daga garuruwan biyu, ko na Jami'ar Bayero ta Kano, tare da kwafin abin da aka rubuta a takardar.