Ɗalibin jami'a da awa 168: Barci ake yankewa

Yau kan 'ya'yanmu da ke jami'a za mu tattauna, domin irin abin da suke saye a shagon magani idan jarrabawa ta ƙarato ya isa ya sa mu zauna mu yi lissafi.

Mako guda awa 168 ne. A ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ɗalibi kan ɗauki yunit 15 zuwa 24 a zangon karatu, kuma yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lacca a mako, ko awa uku a ɗakin gwaje-gwaje. A ce yarinya tana da yunit 20, uku daga ciki na gwaji ne: awa 26 ke nan sun tafi a aji. Malamai kan ce kowane yunit na buƙatar kamar awa biyu ta bita da aikin gida, wato wasu 40. A cire awa 56 na barci, takwas a kowane dare. Abin da ya rage awa 46 ne, kimanin shida da rabi a rana. A cikinsu za ta yi salla, ta yi girki da wanki, ta bi layin ruwa, ta nemi inda za ta yi cajin waya, ta halarci laccar da aka ɗage zuwa Asabar. Idan daga gida take zuwa a gari irin Legas ko Abuja, cunkoson hanya kaɗai zai iya cinye rabi. Ban ma sa ɗalibin da ke sana'a don ya haɗa kuɗin makaranta ba.

Lacca ba ta raguwa, hanya ba ta gajarta, sai a koma kan barci. Nan ne ake samun abin da ɗalibai ke kira TDB, karatu har wayewar gari. Matashi kuwa yana buƙatar awa bakwai zuwa tara, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Wanda ya kwana a aji sau da yawa yakan shiga ɗakin jarrabawa yana tuna shafin amma ba abin da ke cikinsa ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna. Abin da ke hana ido rufuwa a kofi, baƙin shayi, goro da lemukan ƙarin kuzari duk abu ɗaya ne, sinadarin kafeyin. Iyakar da ake ganin babba mai lafiya zai ɗauka a yini ita ce miligiram 400, kuma ƙaramin gwangwanin Red Bull kaɗai na ɗauke da 80. Matsalar ita ce ba wanda ke tarawa. A zuba kofi a cikin lemon kuzari, a ci goro, kai ya fara sarawa a haɗiyi Panadol Extra guda biyu, alhali kowace ƙwaya tana ɗauke da kafeyin. Bayan awa biyar kusan rabinsa na nan a jini, shi ya sa kofin da aka sha bayan isha yake hana barcin da ake so a yi da asuba. Sai bugun zuciya, rawar hannu da fargaba su biyo baya, a ɗauka ko zazzaɓi ne, a ƙara da maganin maleriya ba tare da gwaji ba.

Ciwon kan rashin barci ba farasitamol yake nema ba. Kada a wuce giram huɗu a yini, ƙwaya takwas ta 500, don hanta ke biyan bashin. Ibuprofen da diclofenac a cikin da bai ga komai ba sai garin kwaki tun safe, hanyar gyambon ciki ce. Tramadol kuwa, duk wanda ya ce muku yana ƙara ƙarfin karatu ya cuce ku: yana kama mutum, yana kuma iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba.

Iyaye, idan kun kira, bayan "yaya karatu?" ku ƙara da "ƙarfe nawa kika kwanta jiya?" Ku nemi ganin jadawalin laccarsu sau ɗaya, za ku sha mamaki. Wanda ke zaune a gida a rage masa aike a makonnin jarrabawa, musamman 'yan mata da ake jira su dawo ƙarfe shida su ɗora tukunya. Kuma ɗan ƙwallon da yaro ya buga da yamma ko hirar da aka yi da ƙawaye ba ɓata lokaci ba ne, jiki na buƙatarsu.

Ku kuma ɗalibai, ku tsayar da kofi daga la'asar. Idan rana ta yi nauyi, ƙailula ta minti 20 ta fi gwangwani biyu amfani. Amma idan rashin barci ya haura mako biyu, ko zuciya na bugawa da ƙarfi kuna zaune, ko kun ga abokin ɗakinku ba ya iya buɗe littafi sai ya haɗiyi ƙwaya, a je asibitin makaranta a ranar, kada a jira a gama jarrabawa.