Martani: Awa huɗu ba ta kai mutum asuba

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce kuɗin da Amurka ke zubawa a gwajin batirin dogon zango asara ce, tunda batirin litiyam ya yi araha. Ban yarda ba.

Yawancin batiran litiyam da ke kan layin wutar Kalifoniya awa 4 suke ɗauka. Suna cike giɓin magariba. To idan hadari ya rufe rana kwana uku, iska kuma ta kwanta fa? A Fabrairun 2021 sanyi ya durƙusar da wutar Texas kwanaki, gidaje sama da miliyan 4 suka shiga duhu, mutum fiye da 200 suka mutu.

Ga misalin batirin dogon zango: na kamfanin Form Energy, wanda na ƙarfe ne. Ƙarfen ya yi tsatsa ya ba da wuta, a yi masa caji tsatsar ta koma ƙarfe. An ƙera shi ya yi awa 100. Gaskiya ne yana ɓarar da wuta fiye da litiyam, yana kuma cin fili. Amma sai an ɗora shi a kan layi, kamar gwajinsa a jihar Minnesota, za a san iyakarsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A ci gaba da gwaji.