Wai Wasa Ƙwaƙwalwa Aikin Banza Ne?

'Yan uwana mata, yau da ɓacin rai na ɗauki biro. Shekaranjiya ina zaune a tsakar gidana a Rara, na sauke tukunya ke nan, na ɗauko takardar wasa ƙwaƙwalwa, irin mai gida-gidan nan da ake cikewa da haruffa. Sai ga yayar maigidana ta shigo, ta leƙa, ta taɓe baki ta ce, "Ke Amarya, wanga aikin banza na! Mace da ɗiya huɗu tana dara bisa takarda?" Na yi shiru saboda girmanta, amma a nan kam sai na yi magana.

Wallahi na san matan da muka gama sakandare tare, yau in an ba su takardar asibiti sai sun nemi yaro ya karanta musu. Ba daƙiƙai ba ne. Karatu kamar wuƙa yake, in aka jefa ta ƙarƙashin gado tsatsa ce za ta cinye ta. Kuma masu hana mu wasa ta, su ne gobe za su ce mata ba su da tunani.

Wai kuma abin Turawa ne. To, gaskiya a 1913 aka fara buga shi a wata jarida a Amurka, har a 2015 jaridar The Times ta Ingila ta soma na Latin, harshen da ba wanda ya sha a nono. Amma mu fa, ba da kacici-kacici muka tashi a gaban kakanninmu ba? Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana da waƙar da in kika tara haruffan farkon baitocinta sai su ba ki ayar Alƙur'ani. Ita ma aikin banza ta yi?

Ni yanzu da kaina nake tsara wa yarana. "Garin da kabarin Sarkin Musulmi Bello yake, harafi 5." Wurno, wannan ai mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne mai fuska biyu: "Mahaifar Sardauna, kuma abin da ake yi wa gado." Raba. Babbar 'yata kwana biyu ta yi tana juya wannan: "Abin da ke saura bayan cefane, kuma nan muke kwana." Da ta gano, tsalle ta yi har ta kusa kifar min da miya, tana ihu, "Inna, Rara ce, Rara!"

Ita kuwa Yaya, daga azahar har la'asar take a waya tana kallon bidiyon biki, ban taɓa jin wani ya ce mata kanzil ba.