A Maido Buki Ƙofar Gida

Duk wanda ya girma a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san cewa da zarar gero ya shiga rumbu, sanyi ya fara saukowa, sai a ji kalangu yana tashi unguwa-unguwa. Lokacin aure ke nan tun kaka da kakanni, domin a sa'an nan ne talaka yake da abin hannu, kuma babu fargabar hadari. A kafa rumfa a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, liman ya zo da hantsi, waliyyai su zauna, a ambaci sadaki gaban shaidu, a shafa fatiha, a raba goro da dabino. Mata suna cikin gida, tukwane bisa murhu, guɗa tana tashi. To, wannan bukin ne yau wasu daga cikinmu suke kallo tamkar abin kunya. Babban ma'aikaci ko ɗan kasuwar da zai aurar da ɗiyarsa, in yana son a ce ya isa, sai ya kama zauren otel ko gidan buki na haya, ya buga katin gayyata, ya tsayar da ƙato a bakin ƙofa yana duba hannun mutane. A ciki kuwa a jera kujeru masu riga, a kawo gato mai hawa-hawa, a ci abincin da babu wanda ya san hannun da ya dafa shi, a ɗauki hotuna, a watse.

Ina da ja a kan wannan yayi. Amma bari in faɗi tun da wuri cewa jayayyata ba ta tsaya ga yawan kuɗin da ake kashewa ba. Abin da ya dame ni shi ne inda kuɗin suke tafiya, da mutanen da ake rufe wa ƙofa.

Kukan tsadar aure tsohon kuka ne a ƙasar nan. Gwamnatin Saini Kunce, wadda ta riƙe mulki daga 1974 zuwa 1987, ta yi ƙoƙarin ƙayyade sadaki da rage almubazzarancin bukukuwa. Bayan haka malaman Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978 kuma ta samu gindin zama a Maraɗi, sun yi ta wa'azi a kan kiɗa, da maroƙa, da hidimomin da suka ce addini bai san da su ba. Doka ta yi magana, mumbari ya yi magana, buki bai mutu ba. Dalili kuwa shi ne an dube shi ta fuskar asara kawai, alhali ga waɗanda suke yin sa, musamman mata, buki ajiya ce. Barbara Cooper, Ba'amurkiyar da ta yi bincike a kan aure a Maraɗi ta fitar da littafinta a 1997, ta lura da abin da kowace tsohuwa a Bagalam ko Mokoyo za ta gaya maka kyauta: gudummawar da mace take kai wa ƙawarta ranar buki bashi ne mai dawowa, kuma da irin wannan kai-kawo ne ake tara arzikin mutane. Wadda ta kai kwano yau, gobe kwanonta zai dawo da ƙari. Saboda haka wanda ya ce a kashe buki ɗungurungum bai fahimci abin da yake son kashewa ba. Ni ba na cikin masu wannan kira. Wanda ya fi yi wa buki illa shi ne wanda ya ɗauke shi daga unguwa ya kai shi bayan katanga, ya bar masa suna ya zare masa rai.

Mu bi sawun kuɗin mu gani. A bukin ƙofar gida, mai hayar rumfa da kujeru ɗan unguwa ne, sau da yawa ma ƙungiyar samari ce ko ta mata da suka haɗa adashi suka sayi kayan domin su riƙa samun na sabulu. Mahauci na bakin kasuwa shi zai yanka rago ya gyara. Mai goro, mai itace, mai niƙa, ɗan garuwa da mai amalanke duk za su samu rabonsu. Mai lalle da mai kitso maƙwabta ne. Matan da suka gwanance da tuyar alkaki da nakiya da dubulan su ne za su haɗa gara. Tela na lungu zai kwana yana taka keke. Albasar miya ta Galmi ce, man gyaɗa na matan Maraɗi ne, tabarmar kaba ta Madawa ce, randar ruwan sanyi ta Mirriya ce, takalmi da filon ɗakin amarya aikin dukawan Damagaram ne. Jika ɗaya da ta fita daga aljihun uban amarya sai ta zaga gida biyar kafin ta bar unguwa, kuma ba mamaki wani abu daga cikinta ya komo hannunsa ranar da mahaucin zai aurar da tasa ɗiyar.

A bukin gidan haya fa? Mutum guda ne yake karɓar kuɗin wuri, da na abinci, da na ado, a dunƙule. Furannin roba da labule da kwanonin da aka jera daga Sin suka zo. Gado da kabad an ce sai na Dubai ko na Turkiyya. Shinkafar ta ƙetare ce, lemun kwalba da na gwangwani kuwa babu ruwansu da mai zoɓo da mai lemun citta na unguwa. Tun daga watan Janairu na 2024 mafi ƙanƙantar albashi a Nijar jika 42 ne a wata. A ce mutum ya zuba miliyan guda a dare ɗaya, abin da ba baƙon labari ba ne a Yamai, ya ƙone kusan albashin shekara biyu na ƙaramin ma'aikaci ke nan, kuma mafi yawan kuɗin sun kama hanyar da ba za su komo ba. Mun ga darasi a 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle. Mun sake gani a 2023, lokacin da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, kaya suka maƙale a hanya. A waɗannan watanni mai dogaro da kwantena ya sha wuya, amma maginiyar tukwane ba ta rasa yumɓu ba, masaƙin tabarma bai rasa kaba ba. Muna ta maganar dogaro da kai a taruka da gidajen rediyo, ranar da za mu kashe kuɗi mafi yawa a rayuwarmu kuma sai mu miƙa su ga baƙo.

Wannan ta fuskar aljihu ke nan. Ta fuskar zumunci abin ya fi muni. Katin gayyata yana cewa mutum kaza ne za su shiga, saura su tsaya waje. Su wane ne sauran? Tsohuwar da ta yi wa amarya wankan jego tana jaririya. Malamin allon da ya koya mata Fatiha. Maƙwabciyar da ta yi shekara ashirin tana kai gudummawa gidan, tana jiran ranar da za a rama mata da mutunci. Ba za a ce musu kada su zo ba, sai dai wurin yana da nisa, ana shiga da ankon da ya fi ƙarfinsu, kuma wanda ba shi da kati ya san abin da zai tarar a bakin ƙofa. A al'adarmu shaidun aure ba mutum biyu ba ne kawai, unguwa ce gaba ɗaya. Ranar da zama ya yi tsami, amarya ta yi yaji, ba mai otel ba ne zai je biko, ba mai ɗaukar hoto ba ne zai zaunar da miji ya gaya masa gaskiya. Waɗanda suka zauna bisa tabarma suka ci goron auren su ne suke jin nauyinsa a wuyansu. Wanda ya hana su goro ya sauke musu wannan nauyi, kuma ɗiyarsa ce za ta ji a jikinta.

Na san amsoshin da ake bayarwa, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko, ana cewa bukin waje ba ya yiwuwa ya zama ƙarami, tunda ƙofa a buɗe take, kowa zai zo. Gaskiya ne kowa zai zo. Sai dai ƙanƙantar buki a wurinmu ba a yawan mutane ake auna ta ba, a yawan hidimomi ne. Abin da yake karya mutum shi ne kwana huɗu ana shagali, kowane da nasa anko, kowane da nasa wuri da makaɗa. A tsaya ga lalle, da ɗaurin aure, da walima, da kai amarya. Tukunyar dambu da zogala, ko tuwo da miyar rago guda, tana ciyar da jama'ar da faranti ɗai-ɗai na otel ba zai ciyar da rubu'insu ba. Malamai sun sha gaya mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu da yin walima ko da akuya guda ce, shi kuwa attajiri ne a cikin sahabbai.

Na biyu, ana kukan zafi da ƙura da ruwan sama. Wannan maganar shiri ce. Wanda ya sa buki a fili cikin Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ko cikin Agusta da ruwa yake tsakiyarsa, shi ya jawo wa kansa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu sararin Allah ya fi kowane zaure daɗi. A ɗaura aure da sassafe, mata su yi zamansu bayan la'asar, a yayyafa wa ƙasa ruwa kafin a yi shimfiɗa, a juya bayan rumfa ga gabas inda iskar hunturu take fitowa, a jera randuna a inuwa. Kakanninmu ba su da na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba a taɓa jin an fasa aure saboda haka ba. Rumfa kuma ba ta san ɗaukewar wuta ba.

Na uku, ana cewa masu bukin waje suna tare hanya, suna hana mutane barci da lasifika. A nan kam masu ƙorafi suna da gaskiya, kuma dole a gyara. Babu wanda yake da ikon datse babbar hanyar da motar asibiti take bi don yana aurar da ɗiya. A nemi lungu ko filin unguwa, a sanar da mai unguwa, a nemi izinin ma'aikatar magajin gari inda ake buƙatar haka, a bar wa masu wucewa hanya, a gaya wa maƙwabta tun da sauran kwanaki, a kashe kiɗa kafin dare ya raba, a share wuri da safe. Mai kalangu ko mai gurmi guda da muryarsa ya fi akwatunan sauti huɗu da suke girgiza bango.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ciwo: ana cewa masu sana'armu ba su cika alkawari. Tela ya ce Laraba, sai ranar buki ana tsaye kansa yana sa maɓalli. Mai kujeru ya karɓi kafin alƙalami a gida biyu rana ɗaya. A nan ina juyowa gare ku, ƴan uwana masu sana'a. Duk alkawarin da kuka saɓa, ƙofa ce kuka buɗe wa ɗan kwangila da kayan kwantena, kuma ba ku da bakin kuka in ciniki ya bar ku. Mai buki kuma ya taimaki kansa: ya kai ɗinki wata guda kafin rana, ya yi ciniki gaban shaida, ya rubuta adadin kujeru da tabarmi da lokacin kawowa, ya ba da rabi ya riƙe rabi, ya ɗora wa mutum guda daga dangi alhakin kowane fanni. Kuma in aiki ya yi kyau ya biya nan take, domin mu ma muna da halin biyan otel lakadan, mu bar maƙwabciya mai tuya tana sintiri wata uku a kan haƙƙinta.

Akwai wuri guda da ba na goyon bayan a taɓa, shi ne kayan ɗaki. Maza da yawa in sun tashi wa'azin sauƙaƙa aure, nan suke fara kai wuƙa. Kayan ɗaki dukiyar mace ce, ita ce take sayarwa ranar da ciwo ya zo ko miji ya juya baya. Abin da za a rage shi ne abin da yake ƙarewa a dare ɗaya. Kuɗin zauren haya da na gato, in an mai da su keken ɗinki, ko tunkiya biyu, ko gadon da kafintan garinmu ya ƙera, amarya za ta ci moriyarsu shekara goma bayan an manta da launin ankon.

Wannan kira ba talaka nake yi wa ba, domin shi har gobe a ƙofar gidansa yake buki, sai dai ya fara jin kunyar haka, ya fara cin bashi don ya kwaikwayi abin da ya gani a wayar salula. Alhazai nake yi wa, da manyan ma'aikata, da mu da muka yi lakwal muke ganin mun waye. Daga sama yayi yake gangarowa. Ranar da babban attajiri a Maraɗi ko darakta a Yamai ya kafa rumfa a ƙofar gidansa, ya zauna bisa tabarmar Madawa tare da mai gadinsa, ya sa aka zuba wa baƙi fura da zoɓo, daga ranar ƙaramin ma'aikaci zai samu bakin cewa shi ma haka zai yi, kuma babu surukar da za ta ce an rena ɗiyarta. Abin da doka ta kasa a zamanin Kunce, mutum goma masu faɗa a ji a kowane gari za su iya yin sa cikin kaka guda, in sun yarda a gan su zaune a ƙasa.