Sandar Da Ba Ta Rauni

Turawan Ingila suna da wata kalma, slapstick, watau sandar mari. Da ita su ke kiran wasan ban dariya irin na jiki, inda ƙato zai zame ya faɗi rigingine, ko a kwaɗa wa wani kasko a ka, jama'a su yi ta ƙyaƙyatawa. Waɗansu sun ɗauka ma'anarta duka ne kurum. Wannan kuwa kuskure ne mai ɓarna.

Asalin kalmar sunan kayan wasa ne. Tun ƙarni na 16 akwai 'yan wasan kwaikwayo a Italiya masu yawo gari gari. Wawan cikinsu, Arlekino, ya kan riƙe 'yan katakai biyu sirara, haɗe a wajen mariƙi. In ya buga wa abokin wasansa, sai katakan su tafa da juna, fau! Ƙara ta cika fili, wanda aka buga kuwa ko a jikinsa. Ashe hikimar sandar ita ce a ji ƙara, kada a ji zafi.

Haka Cali Caflin, wanda aka haifa a Landan cikin 1889, ya rasu cikin 1977, ya yi suna a majigi. Faɗuwarsa koyayya ce, kuma galibi ɗan talaka ne ke ba ƙaton mugu kunya.

To, ina wannan, ina abin da waɗansu samari ke yi? Su fizge sandar makaho, ko su kwara wa almajiri ruwa yana barci, su ɗauki hotonsa a waya su watsa, sa'an nan su ce wai barkwanci ne. Ƙarya su ke yi! Makahon bai shiga wasan ba, zafin da ya ji kuwa na gaske ne. Sunan wannan zalunci.

Hausawa ma sun san iyakar. Taubasai su kan yi wa juna tsiya, 'yan tashe su kan yi shigar ban dariya da azumi, amma kowa ya yarda, kowa ya tashi lafiya. Suratul Hujurat kuma ta hana izgili.

Saboda haka mai karatu ya riƙe ma'auni guda. In wanda aka buga ya tashi yana dariya, wasa ne. In ya tashi yana hawaye, a kira abin da sunansa, a kuma tsawata wa mai yinsa.