Filin Malamin Karatu: Rumbun Ranar Wuya

Kaka ta zo, hatsi ya shigo gida. Yanzu ne lokacin da za mu yi maganar damana mai zuwa, don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Tsofaffinmu ba su manta da yunwar 1973 da 1974 ba, balle ta 1984. Mu kuma mun ga ta 2005, bayan fari da fara sunka ɓata gonaki a 2004. Amma ko shekara ta yi kyau, akwai wata ƙaramar yunwa mai dawowa kowace damana: daga watan Yuni zuwa Satumba rumbu ya kusa ƙarewa, sabon hatsi bai nuna ba, ga aikin noma ya yi yawa. Lokacin ne mutum ke barin gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani, ko ya ci bashin buhu guda ya biya fiye da haka da kaka.

Mu yi lissafi. Ku ɗauko allo ko takarda. Tiya guda ta kai kilo 2 da rabi. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40. Gida mai mutum 8 yana cin wajen tiya 2 kowace rana. Kwana 90 na tsakiyar damana ke nan tiya 180, wato buhu 4 da rabi. Kowa ya ƙidaya bakunan gidansa, ya yi nasa lissafi.

Wani zai ce: "Malam, ni talaka ne, ina na ga buhu 4 na ajiya?" Gaskiya ne, ba kowa ke da shi ba. Amma tanadin kwana 15 ya fi babu. Ga dabaru.

Na farko: ranar da aka ɗaure damma, bayan an fidda zakka, a ware na damana tun a gona. A sa shi rumbu dabam, a liƙe. Hatsin da ba a sussuka ba ya fi daɗewa. Kada a taɓa shi don biki ko suna ko kuɗin tafiya.

Na biyu: uwargida ta rage tiya 1 kowane mako, ta zuba cikin tulu ko buhu. Daga Nuwamba zuwa Mayu mako 30 ne, tiya 30 ke nan, cimakar kwana 15. In tiya 2 ce, an samu ta wata guda cur.

Na uku: in akwai abin saidawa, a fara da gujiya ko wake ko riɗi, a bar hatsi. Da kaka hatsi yana da araha don kowa na saidawa. Wanda ya saida shi yau da araha, shi zai saye shi da tsada in ruwa ya sauka.

Makiyayi kuma ya lura da wanga abu. Da kaka bisa tana da ƙiba, hatsi yana ƙasa. Da bazara bisa ta rame, hatsi ya hau. Rago guda da aka saida a Nuwamba ya fi kawo tiyoyi bisa ga wanda aka saida a Yuni. A ajiye harawa da kara da dussa bisa rumfa ko cikin ɗaki, don bisashe su ma suna da tasu yunwar.

Tuwo ba ya ciyuwa sai da miya. Mata su shanya kuɓewa, yakuwa, tafasa, zogala da ganyen kuka. Ganye a inuwa ake shanya shi, ya fi riƙe amfaninsa. A haɗa da daudawa, gishiri, tonka da ƙuli-ƙuli. Wake kuwa shi ne naman talaka, yara ƙanana suna bukatarsa.

Sai tsaron abin da aka tara. Danshi da ƙwari da ɓera su ne ɓarayin rumbu. A share rumbu, a liƙe tsagoginsa kafin a zuba sabo. Don a san ƙwaya ta bushe, a sa ta cikin busassar kwalba da busasshen gishiri, a girgiza, a bari ta jima. In gishiri ya manne ga kwalba, a ƙara shanyawa. Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora shi bisa itace. Wake a zuba shi cikin bido mai tsabta, a cika fal, a rufe gam. Akwai kuma buhun PICS, leda 2 a ciki, buhu 1 a waje. Masanan jami'ar Purdue ta Amurka sunka yi aikinsa da na INRAN a Maraɗi, an fara baza shi a 2007. Ana ɗaure kowace leda dabam, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba.

Abin da ya fi ƙarfin gida guda, gari ya haɗu a kansa. Gida 40 kowa ya kawo tiya 5, an samu buhu 5: mafarin rumbun tsimi ke nan. A zaɓi amintattu, maza da mata. Makulli biyu, hannu biyu. Duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta, da suna da rana, a karanta gaban jama'a. Nan ne amfanin karatunku zai fito fili. Tun 1970 gwamnati ta kafa OPVN don ajiyar cimakar ƙasa, amma ƙasa tana da faɗi, mota tana iya daɗewa bisa hanya. Rumbun gida shi ne kusa.

Aikin wanga wata: kowa ya rubuta yawan mutanen gidansa, da damman da ya samu, da tiyoyin da zai ware. Ku kawo wurin karatu mu duba tare.

Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.